Manajan 'Yan Furfura

"Ni ban ce ka hana Alhaji zuwa filin ƙwallon ba," in ji Hajiya Ruƙayyatu, matar Alhaji Mas'udu, tana kwashe tuwo tana naɗewa a leda. "In ka hana shi zuwa, gidan nan ba zai zaunu ba. Cewa na yi kada ka bar shi ya yi ta gudun nan tun daga farko har ƙarshe."

Zayyad yana durƙushe a bakin ƙofar kicin ɗin, kulolin abincin da ya zo ɗauka suna gabansa. Gidan ɗan ƙarami ne, a saman wani shagon waya a unguwar Dengfeng ta birnin Guangzhou a ƙasar Sin, kuma daga nan Hajiya take dafa wa 'yan kasuwar Xiaobei abincin rana.

"Hajiya, ai tun da aka kafa ƙungiyar nan ban taɓa ganin Alhaji ya fito daga fili ba sai an hura tashi."

"To, shi nake gaya maka. Ran Talata a matakalar nan ya tsaya, ya dafe ƙirji, gumi kamar an sheƙa masa ruwa. Da ƙyar ya yarda muka je asibiti. Likita ya ce zuciya ce. Tafiya a hankali ba laifi, amma ban da gudu. Muna fitowa ya ce in ya ji maganar nan a bakin wani, ni da shi ne."

"Ga shi kuwa kin gaya mini."

"Kai wani ne? Kai da ka ci tuwon hannuna tun ba ka da gemu?" Ta ɗaure bakin ledar, ta jefa a kula. "Amma ya tsaya a wurinka. Kada in ji a Tianxiu, wurin kasuwancin naku."

Zayyad ya kalli tiririn da ke tashi daga tukunyar miya.

"Hajiya, ni ne zan ce wa Alhaji ya fito? A gaban mutane?"

"Ba kai ne manajan ba?"

Ya ɗauki kulolin, ya yi mata sai an jima, ya sauko matakalar a hankali. A tsakiya ya tsaya ya dubi bangon, yana tunanin ko nan ne Alhaji Mas'udu ya jingina.

Zayyad ɗan Fagge ne. Mahaifinsa tela ne, shi kuma da ya gama sakandare sai aka kai shi shagon Alhaji Mas'udu a Kantin Kwari, yana ninke shadda yana ɗauko wa baƙi ruwa. Da Alhaji ya mayar da harkarsa Guangzhou, ba a daɗe ba ya aika aka taho da shi. A ɗakin Alhaji ya fara kwana, a kan kwalaye. Yaren Sin ɗin da yake ji yanzu ba a makaranta ya koya ba, a bakin 'yan dako da direbobin motocin kaya ya tsince shi, shi ya sa in ya yi magana masu kanti sukan yi dariya su ce kamar ɗan ƙauyensu. Yanzu yana da ɗan teburinsa a ginin Tianxiu, yana nemo wa masu saye kaya, yana raka kayan har su shiga kwantena. Matarsa Saffana da yara suna Kano, sai Babbar Sallah yake ganinsu. Duk da ya tsaya da ƙafarsa, har yau in Alhaji ya shigo wuri, Zayyad miƙewa yake, kuma ba ya zama sai an ce ya zauna.

Ƙungiyar ƙwallon kuwa ta dattawa ce, waɗanda suka haura hamsin. Su suka raɗa wa kansu suna 'Yan Furfura. Akwai Kanawa, akwai mutanen Maraɗi da Yamai, akwai 'yan zangon Kumasi. Suna cikin wata 'yar gasa ta nishaɗi da ake yi kowace Lahadi a Panyu, can gefen gari, da tsofaffin direbobin bas, da tsofaffin ma'aikatan masana'anta, da wata ƙungiya ta Larabawa masu gidajen abinci. Ba kofi a gasar, ba komai, sai dai a yi gumi a yi musu a koma gida.

Zayyad bai kai shekarun shiga ba, kuma ko ya kai, gwiwarsa ta hagu ta daɗe da hana shi. Manajancin ma ba nema ya yi ba. Wata Lahadi ya raka Alhaji riƙe da jaka, suka tarar an ba wa wasu filin, saboda ba wanda ya iya kiran mai filin ya tabbatar masa suna zuwa. Dattawa suka tsaya cirko-cirko sanye da gajerun wanduna, kowa ya juyo yana kallon Zayyad. Ya je ya yi magana, aka ba su filin gefe. Daga ranar ba wanda ya sake tambayar wa zai yi.

Aikin ba a rubuce yake ba, amma yana da yawa. Shi ke kama fili tun tsakiyar mako. Shi ke wanke riguna ya shanya a barandarsa, inda ba sa bushewa da wuri saboda ɗanshin garin. Shi ke kawo ruwa da ƙanƙara da tabarmar salla, da man zafi wanda yake ƙarewa kafin komai. Sai dai babban aikin ba a fili yake yin sa ba. A cikin mako yakan bi shagunan 'yan wasan ɗaya bayan ɗaya, ya zauna ya sha shayi, ya bar mutum ya yi ta magana. A nan yake jin wanda bayansa ya riƙe, da wanda ya yi fushi don ba a ba shi ƙwallo ba, da wanda labarin gida ya hana shi barci. Akwai shekarar da wasu biyu suka ɓata a kan kaya, ya yi ta sa ɗaya a dama ɗaya a hagu, bai taɓa haɗa su a gefe guda ba, har suka gaji suka shirya da kansu. Dokarsa ɗaya ce, duk wanda ya hau jirgin ƙarƙashin ƙasa ya zo har Panyu sai ya taɓa ƙwallo, ko da kuwa tsayuwa kawai zai yi. Canji a gasar ba shi da iyaka, mutum ya fita ya huta ya dawo. Kowa yana fita, ban da Alhaji Mas'udu. Shi ne babba, shi ya sayi rigunan farko, kuma rabin 'yan ƙungiyar a kwantenarsa suke sa kaya. Ba wanda ya taɓa cewa kada a cire shi. Ba a dai taɓa yi ba.

Zayyad ya wuni yana juya maganar. A yadda aka tashe shi, yaro ba ya tarar babba ya ce masa ƙarfinka ya ƙare. In magana ta yi nauyi, abokin wasa ake nemowa, wanda zai faɗe ta ba a ɗauka da zafi ba. Alhaji Bakano ne, abokin wasan Bakano kuwa Bazazzagi. A ƙungiyar akwai Bazazzagi guda, Dogara, ɗan Wusasa, mai sayar da kayan janareta a can ƙasan ginin. Shekarunsu kusan ɗaya da Alhaji, kuma ba ranar da za su haɗu ba su tsokani juna ba.

Ya same shi yana ware wasu ƙananan ƙarafa a cikin tire.

"A'a, ɗan Kanawa! Lafiya? Ku ai ba kwa gaisuwa a banza."

"Baba Dogara, gaisuwa ce kawai."

"To na amsa. Sai ka tafi."

Zayyad ya yi dariya, ya jawo kujera. Sai da suka taɓa hirar zafi da ta jirgin ruwan da ya makara, sannan ya ce, "Dama a kan Alhaji ne. Ina ganin gudun nan ya yi masa yawa. Shekaru sun ja, ga jiki. Ina so ya dinga hutawa kamar kowa, amma ni ba zan iya faɗa ba."

"Wani abu ya same shi ne?"

Zayyad ya tuna da kashedin Hajiya. "A'a, hange ne kawai."

"To wannan ai mai sauƙi ne," in ji Dogara, ya tafa hannu. "Bar ni da shi. Na daɗe ina neman inda zan kama mutumin nan."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, jama'a sukan taru a ofishin Alhaji su ci abincin Hajiya. Dogara Kirista ne, ba ya zuwa masallaci, amma ba ya rasa tuwon. Ya shigo ana tsakiyar ci, ya wanke hannu, ya zauna daf da Alhaji. Zayyad yana gefe yana zuba wa mutane miya, kunnensa na wurinsu.

"Alhaji, ni fa ina da ƙorafi," in ji Dogara da ƙarfi, yadda kowa zai ji. "Ran Lahadi na hango wani abu yana gangarowa ta gefen dama, na zaci buhun gero aka yi wa ƙafafu. Da ya matso sai na ga kai ne."

Ofishin ya kaure da dariya. Alhaji ma ya dara, bai ko ɗago ba.

"Ka ji tausayin jama'a ka dinga zama a benci," Dogara ya ci gaba. "Za mu sa maka kujera mai laushi, a kawo maka gurasa da ƙuli, ka dinga tafa mana. Tsufa ba laifi ba ne."

"Ikon Allah," in ji Alhaji, ya ajiye lomar da ya yanko. "Yau Bazazzagi ne zai koya mini ƙwallo? Ku da in an ba ku ƙwallo sai ku shinshina ku ji ko pate ne a ciki?"

"Ni dai na faɗa maka gaskiya."

"Gaskiya a bakin Bazazzagi? Jama'a ku shaida. Lahadin nan, in na fito daga fili kafin a hura tashi, daga ranar ku kira ni ɗan Zariya."

Aka sake fashewa da dariya, wasu har da buga tebur. Dogara ya kashe wa Zayyad ido, alamar an isar da saƙo. Zayyad kuwa ludayin miya ya tsaya a hannunsa. Ya ga abin da ya yi. Maganar abokin wasa ba a jin zafinta saboda ba a ɗaukarta da gaske, kuma ba a yin ta sai a gaban mutane. Ya so a lallaɓa Alhaji ya huta, ga shi an sa shi ya yi alkawari a bainar jama'a ba zai huta ba.

Asabar ya ɗauki waya ya kira Alhaji, amma da ya ji muryarsa sai ya tambaye shi ko mota za ta zo ɗaukar kwalayen takalma. Alhaji ya ce sai Litinin. Suka yi sallama.

Lahadi ta zo da irin zafin Guangzhou mai manna riga a jiki. An yi ruwa da safe, rana ta fito ta dafa shi. Zayyad ya riga kowa isa Panyu, ɗauke da jakar riguna a kafaɗa da kular ƙanƙara a hannu. Filin yana bayan wata masana'antar kujeru, ciyawar roba ce, an kewaye shi da waya. Ya shimfiɗa tabarma a inuwar bango, ya jera ruwa. Da tsofaffin direbobin bas za su kara a ranar, manajansu kuma wani dattijo ne, Lao Liang, wanda ba ya rabuwa da gorar shayinsa.

"Nihaw, lawban!" Lao Liang ya ɗaga masa hannu. Kowane baƙar fata lawban yake ce masa, wato maigida. Ya nuna sama ya girgiza kai, ya ce yau mutanensa kaɗan-kaɗan za su dinga yi, zafin ba na wasa ba ne. Zayyad ya ce haka ne.

Dattawa suka iso, aka yi La'asar, Dogara ya zauna kan kular ƙanƙara yana ɗaure takalmi har aka idar. Zayyad ya faɗi waɗanda za su fara. Ya so ya ja Alhaji gefe a lokacin, amma Alhaji yana tsakiyar mutane yana ɗaga gwiwa yana nuna wa Dogara, ana ta shewa.

Aka hura usur. Ƙwallon dattawa a hankali take tafiya, rabinta tsayuwa ne da nuni da hannu. Amma ranar Alhaji Mas'udu kamar an sake shi. Ya bi ƙwallo dama, ya bi ta hagu, ya koma baya ya ƙwato ta, abin da bai taɓa yi ba. Mutanensa kuma, kamar kullum, duk wanda ya samu sai ya nemi Alhaji ya ba shi. Ba a daɗe ba ya zura ɗaya a raga. Ya juyo ya nuna Dogara da yatsa, Dogara ya kama kai yana salati irin nasu.

Zayyad bai tafa ba, fuskar Alhaji yake kallo. Bayan cin, Alhaji bai koma tsakiya da sauri ba. Ya sunkuya ya dafa gwiwoyi, ya daɗe a haka. Da ya miƙe sai ya kai hannu ƙirji kamar mai gyara riga, ya bar shi a nan. Leɓensa ya yi fari-fari.

A benci akwai Abdul-Gafaru, mutumin zangon Kumasi mai aika kayan gini. Zayyad ya taɓa kafaɗarsa.

"Tashi ka shiga."

"Wa zai fito?"

"Alhaji."

Abdul-Gafaru ya dube shi kamar bai ji ba. "Manaja, ka bar ni. Ni na shiga wurin Alhaji? Kayana duka suna cikin kwantena nashi. Kuma ka ji abin da ya ce ran Juma'a."

"Ba kai ka cire shi ba, ni ne."

"To ka cire shi tukuna, in gani."

An riga an ci gaba da wasa. An sake turo wa Alhaji wata doguwar ƙwallo, ya bi ta, ta fita waje, ya tsaya yana riƙe da wayar shingen. Zayyad ya ɗaga wa alƙalin wasa hannu, ya ce masa da yaren Sin a ɗan dakata. Ya taka cikin filin, abin da bai saba yi ba, ya ratsa 'yan wasa har inda Alhaji yake. Da ya isa sai ya durƙusa a gabansa, ya kama igiyar takalminsa ya kwance ya fara ɗaurewa, don masu kallo su zaci abin da ya kawo shi ke nan.

"Ranka ya daɗe, ka fito haka," ya ce, kansa a ƙasa.

"Me ka ce?" Numfashin Alhaji yana fita da ƙyar.

"Ka fito. Na san abin da likita ya ce."

Daga nesa wani direban bas yana tambayar ko lafiya.

"Ita ta gaya maka."

Zayyad ya koma ɗaya takalmin.

"In na ƙi fa?"

"Sai in ce wa alƙali mun janye. In kwashe riguna mu tafi gida gaba ɗaya." "Ka yi mini duk abin da za ka yi mini gobe, Alhaji. Yau dai ba za ka ƙara gudu a filin nan ba."

Alhaji ya dube shi daga sama, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya janye ƙafarsa, ya bi gefen layi a hankali. Bai nufi benci ba. Ya ɗauki jakarsa, ya zura doguwar riga a kan ta wasan, ya nufi ƙofa. Wani ya fara cewa "ɗan Zari..." sai na kusa da shi ya zungure shi.

Dogara ya taho da sauri ya kama hannun Zayyad. "Kai, me ke faruwa?"

Zayyad ya ga ɓoyon ya isa haka. Ya rage murya. "Zuciya ce, Baba. Likita ya hana shi gudu."

Fuskar Dogara ta sauya. "Shi ne ka bar ni na tsokane shi a gaban mutane? Kai yaron nan!" Bai jira amsa ba. Ya fice da takalmin ƙwallo a ƙafarsa, yana kiran, "Mas'udu! Tsaya mana, tare za mu tafi." Zayyad bai taɓa jin ya kira shi da sunansa ba sai ranar. Ta cikin shinge ya hango Dogara ya karɓi jakar, ya tare tasi, ya buɗe wa Alhaji ƙofa.

Abdul-Gafaru ya shiga ba tare da an sake ce masa ba. Lao Liang ya ara musu mutum ɗaya ya cike gurbin Dogara, aka ƙarasa wasan ba armashi. Zayyad ya tattara riguna, ya zubar da ruwan ƙanƙara, ya naɗe tabarma. A jirgin ƙarƙashin ƙasa ya kira Dogara, Dogara ya ce sun isa gida, Alhaji ya sha magani ya kwanta.

Litinin da hantsi Zayyad ya hau ofishin Alhaji. Ya yi sallama, aka amsa ciki-ciki. Alhaji yana waya da wani a Kano, ya gama ya kira wani, ya gama ya shiga duba samfurin takalma da aka kawo. Bai ce masa zauna ba, shi kuma bai zauna ba. Ya tsaya a jikin ƙofa, hannuwansa a baya, yana matsawa in mai shiga ya zo. Da ma jira ba ya ba shi wahala. Sai da ofishin ya rage su biyu, Alhaji ya ajiye takalmin da ke hannunsa.

"Rufe ƙofar."

Ya rufe, ya durƙusa.

"Ka san abin da ya ɓata mini rai?"

"Na cire ka a gaban mutane, ranka ya daɗe."

"Ba shi ba ne. Jiya da ba ka zo ba, ban san a inda zan faɗi ba. Ina jin ƙirjina kamar an ɗora dutse, amma na riga na yi baki." Ya gyara zama. "Dogara ya gaya mini kai ka tura shi. Ni, Zayyad? Ni da na ɗauko ka daga Fagge, ka kwana a ɗakina, ka san inda nake ajiye makullina, ba za ka iya hawowa nan ka rufe ƙofa ka faɗa mini ba, sai ka aiko mini Bazazzagi ya yi mini dariya a kan tuwona?"

"Nauyi na ji, Alhaji."

"Nauyi. Da nauyin naka ya kai ni kabari fa?"

Zayyad ya sunkuyar da kai. "Na yi kuskure. Ka yafe mini."

Alhaji ya ja tsaki mara ƙarfi, ya kalli taga. Ƙasa ana ta hayaniyar masu tura kaya.

"Tashi ka zauna," ya ce. Da Zayyad ya zauna a bakin kujera, sai ya ci gaba da wata murya daban. "Shekarun nan da na yi a garin nan, daga ofis sai sito sai gida. Lahadin nan kaɗai nake jin ni mutum ne, ba mai kwantena ba. Yanzu ita ma a ce babu."

"Likitan cewa ya yi babu gaba ɗaya?"

"Wa ya sani? Da manhajar fassara ta waya muka yi magana, shi ya faɗa wa wayar da yarensa, ita ta juya mana. Rabin abin da ta fito da shi ko kan gado babu. Na dai ji zuciya, na ji gudu, na ji a'a. Ya ce in dawo ran Alhamis a sake gwaji."

"To Alhamis tare za mu je. Ni zan tambaye shi da bakina, abin da za ka iya da wanda ba za ka iya ba. Duk abin da ya ce, shi zan faɗa maka, ba ragi ba ƙari. Kuma shi za mu bi a fili."

"Za mu bi," Alhaji ya maimaita, yana harararsa. "Ka ji yaro da iko."

"Ku kuka ba ni, ranka ya daɗe."

Alhaji ya kusa yin murmushi, ya danne. "Ita kuma Hajiyar taka, ka ce mata na ji, kuma ban ce komai ba. Tun jiya take kewaye ni kamar na zama ƙwai." Ya ɗauki takalmin samfurin ya juya shi. "Na ji an ce Issa zai tafi Maraɗi, mahaifiyarsa ba lafiya."

Issa shi ne mai tsaron ragar ƙungiyar. Zayyad bai ji labarin ba tukuna.

"In ya tafi, raga ba kowa," in ji Alhaji. "Mai tsaron raga kuwa ba ya gudu."

"Yana faɗuwa, Alhaji. Kuma ƙwallo tana dukan ƙirji."

"Ni ba zan faɗi ba. Tsayawa zan yi, wadda ta zo hannuna in kama, wadda ta wuce Allah ya raka ta."

"Za mu tambayi likita. In ya ce to, raga taka ce. In ya ce a'a, ka zauna kusa da ni ka dinga gaya mini wanda zan cire."

"Dogara zan fara cirewa."

Aka ƙwanƙwasa ƙofa, wani ɗan dako ya leƙo ya ce motar kwalayen takalma ta iso. Alhaji ya miƙe a hankali, yana dafa tebur, ya ce yana zuwa. Zayyad ya riƙe masa ƙofa har ya wuce, ya ga ya nufi lif maimakon matakalar da ya saba bi. Shi kuma ya juya ta ɗaya ɓangaren, ya gangara shagon Issa, ya yi masa jaje, ya ji yaushe zai tashi, ya kuma roƙe shi ya bar safar hannun kafin ya tafi.